A Dakatar da Wankan Bashira

Zuwa ga Gwaggo Fatsuma, Ƙofar Guga.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Bashira da jaririn? Ni ina nan Fatakwal lafiya lau, ƙafafuna ne kawai ke kumbura saboda tsayuwar aikin jinya.

Wasiƙar mijinta Sabi'u ta iso. Wai kwana biyu da yi mata tiyatar haihuwa aka sallamo ta daga asibiti, don za a yi ma ɗakin fenti kafin sabon kwamishina ya zo. Tir! Wannan ce gwamnatin farar hular da muka yi ma layin zaɓe cikin rana?

Gwaggo, don girman Allah a dakatar da wankan jego. Tafasasshen ruwa da ganye za su ɓare ɗinkin. Ba warkewa ta yi ba, korar ta aka yi. Fentinsu ma zai bushe kafin cikinta ya haɗe.

Allah ya raya mana yaron.

Ɗiyarki,
Madina