Allurar Man Fijon Baba

Tanga, Litinin

Zuwa ga Yaya Mwanahawa,

Gaisuwa mai ƙamshin kanumfari, tare da fatan ke da maigida da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Baba yana gaishe ki.

Sharaɗinki ya iso: ba za a kai shi Mlalo ziyarar kabarin Inna a tsohuwar motarsa Fijo ba sai allurar da ke nuna yawan mai ta daina ƙarya, tunda bara ta yasar da mu a daji. Shi kuwa ya rantse ba zai shiga wata mota ba, domin a cikin wannan Fijon ya ɗauko Inna tana amarya.

Makanike Mhina ya ciro ma'aunin cikin tanki, ƙwallon da ke yawo bisa fetur ya huje. Ya sa sabo, sai allura ta ce tanki ya cika alhali rabi ne. Nan Baba, da idonsa ya tafi amma hannunsa bai tsufa ba, ya sa aka tsiyaye tankin, aka riƙa zuba mai jarka-jarka. Yana tsoma sandarsa mai tsaga-tsaga, yana laluben sanyin fetur da yatsa, ni ina faɗa masa inda allura take, yana lanƙwasa siririn ƙarfen ƙwallon a hankali kamar mai gyara zaren molo. Mhina ya so taya shi, sai Baba ya ce masa, "Kai yaro, da wandon makaranta na san ka. Riƙe mini fitila kawai."

Yaya, yau na ga waƙar da ba da baki aka rera ta ba. Ki ba mu izini.

Ƙaninki,
Kihiyo

Mlalo, Asabar

Yaya Mwanahawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, mun iso.

Gidan man da muka dogara da shi a hanya mun tarar ya ƙafe. Muna tsakiyar hawan dutse, hazo ya lulluɓe gonakin ayaba, allura ta kwanta ƙasa. Na ce mu tsaya, kada maganarki ta tabbata. Baba ya ce in taka kawai. Na taka, har muka tsaya a gindin bishiyar da Inna ke kwance.

Sai ya miƙo mini sandar. Na tsoma, ta fito a jiƙe har tsaga ta biyu. Ashe da gangan ya lanƙwasa ƙarfen yadda allura za ta yi kukan yunwa tun da sauran abinci a ciki.

Ya ce, "Haka uwarku take yi da buhun masara. Takan ce ya ƙare, alhali ta ɓoye na kwana uku."

Daga nan ya nemi in kama hannunsa zuwa wurinta.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Kihiyo