Fadila Ba Ta Fara Rarrafe Ba

Abijan, ran Laraba

Lantana,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Gero ya fid da kai? Ni lafiya lau. Zazzaɓi ne ya ɗan kwantar da ni sati biyu, a ciki aka ɗauke mini waya, shi ya sa kika ji shiru. Na koma ɗaukar buhunan albasa, sai dai ba kamar da ba.

Shamsu direba ya gaya mini ɗiyarmu Fadila ta cika wata goma sha ɗaya, amma inda aka zaunar da ita nan ake tarar da ita. Tun da na ji na kasa zama wuri ɗaya. Ya ce Inna na cewa iska ce, a kai ta garin Lugu wurin masu bori. Kar ki yi mata musu, amma ki fara kai yarinyar likita a Dogon Dutsi, a duba ƙafafunta.

Kuma ki rage goyo, don Allah. Matar da ke sayar mana da abinci, na tambaye ta har ta gaji da ni. Ta ce a kwantar da yarinyar rub da ciki bisa tabarma, a aje murfin kwano inda hannunta bai kai. In ta yi kuka, ki daure kaɗan.

Ban taɓa ɗaukar yarinyar nan ba, Lantana. Ranar da ta ja jiki, ki auna wurin da zare, ki ba Shamsu ya kawo mini. Ko taƙi ɗaya ne, ina so in gani.

Allah ya raya mana ita.

Mijinki,
Ya'u