Tsiron Dasashin da Ya Kusa Raba Ni da Cikina

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da asibitocin awon ciki na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Hauwa'u, ina sayar da bandar kifi a wani ƙauye na bakin ruwa ta wajen Ngaski. Kuka na kawo maka, kuma a bainar jama'a, don ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Da cikina ya shiga wata na biyar, wani jan tsiro ya fito mini a dasashi, tsakanin haƙora. Ko asuwaki ya taɓa shi sai jini. Tuwo ma ya gagare ni, na koma kunu.

Na farko, ranka ya daɗe, ban taɓa fashin awo ba. Ana auna ciki, ana gwada jini, amma ba wanda ya taɓa cewa in buɗe baki. Da na nuna wa ma'aikaciya da kaina, ko fitila ba ta haska ba. Ta ce laulayi ne, ta kira ta bayana.

Na biyu, da asibiti ya yi shiru sai gari ya ɗauki magana. Wannan ta ce ciwon daji ne, waccan ta ce in goga kanwa. Inna ta ga ina ramewa, ta kira wanzami ya yanke shi da aska. Ban ga laifinta ba, tsoro ne ya sa ta. Jini ya ƙi tsayawa har na daina ganin mutane sosai. A kwale-kwale maigidana ya kai ni babban asibiti, aka yi mini ƙarin jini.

Can ne likitan haƙori ya gaya mini cewa masu ciki kan yi irin wannan tsiro, kuma yakan motse bayan haihuwa. Ya ce a tsabtace baki da burushi mai laushi, a riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi da gishiri, in ya yi jini a danne da auduga mai tsabta. In jinin ya ƙi tsayawa ko cin abinci ya gagara, asibiti ne wurin cire shi. Wannan 'yar maganar ce fa aka kasa yi mini a wurin awo.

Na haihu, alhamdu lillahi, sai dai ɗiyar ta zo ƙarama ƙwarai, har yau lallaɓa ta muke yi.

Ina roƙo a sa duba baki cikin aikin awo. A riƙa turo mai aikin haƙori ƙauyuka lokaci-lokaci. A kuma zauna da wanzamai a fahimtar da su, don mutanenmu na jin maganarsu. Yanzu haka akwai maƙwabciyata mai ciki da ke rufe baki da mayafi in za ta yi magana, kuma na san dalili.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke wannan nauyi.

Wassalam.

Hauwa'u mai kifi.