Hannun da ke tagar mota

Asabar, 6 ga Maris, 2021
An yi addu'ar arba'in ɗin ɗana Ƙasimu. Wurno ta zo, har abokan lodin albasa daga Goronyo. Duk mai shigowa sai ya dubi bangon ƙofar gida, ya yi saurin sunkuyar da kai. Zanen motata na nan daram: koriya, zaki a ƙofa, sunana a goshi. Ita kanta tana can hanyar Rabah, baƙin ƙarfe, inda 'yan bindiga suka ƙone ta da ɗana a ciki.

Litinin, 8 ga Maris
Matata Safara'u, uwar Ƙasimu, ta ce a shafe zanen. Na ce a'a. Da dakon buhu na fara, noman rani a ƙasan dam ya kai ni ga motar nan. Ko taya ba wanda ya ba ni.

Juma'a, 12 ga Maris
Ta tafi Goronyo gidan yayanta. "In dai wagga mota na ga bango, ba ni ratsa ƙohwag ga." Ban hana ta ba.

Laraba, 17 ga Maris
Maccido mai fenti ya biyo gaisuwa. Lokacin da ya yi zanen liman ya hana a sa fuskar mutum, sai ya zana hannun direba kaɗai, gwiwa a kan taga. Shekaru ina gaya wa baƙi hannuna ne. Yau na maimaita, ya yi murmushi.
"Alhaji Halilu, yaushe ka zauna mini? Kana can kana waya. Ƙasimu ya zauna cikin rana, hannu waje, shina mini tsiya wai zakina akuya ce."
Na ce ƙarya yake.
"Dubi hannun riga. Kai kana naɗe riga?"

Alhamis, 18 ga Maris
Na duba. A naɗe yake.

Lahadi, 21 ga Maris
Abinci daga maƙwabta. Ban ci ba.

Alhamis, 25 ga Maris
Na jiƙa farar ƙasa, da kaina na shafa. Tayoyi, zaki, buhunan albasa. Sunana sai da na bi shi sau biyu, Maccido bai yi rowar fenti ba. Na aika Goronyo cewa mota ta bar bango.

Juma'a, 2 ga Afrilu
Safara'u ta dawo bayan sallar Juma'a. Ta daɗe tsaye a ƙofa.
"Alhaji, mi ya hana ka ƙarasa? Ga taga nan ka bari."
Na ce farar ƙasa ce ta ƙare.
Ta dubi bokitin da ke gindin bango, rabi cike. Ta ɗora tafinta a kan hannun, can ta shige ciki.
Bokitin na nan. Gobe in shafe ɗakin girki da shi, ya yi baƙi.