Hoton da Rana Ta Cinye Fuskarki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, na ɗauki alƙalami ne saboda na kasa zama wuri ɗaya.

Kin tuna ranar da muka je gonar riɗinki ta Sundimina bayan la'asar? Ina ta rawar kai da sabuwar wayata, na nace sai na ɗauke ki. Kika tsaya da ƙwarya a ka, rana tana bayanki, kina cewa, "Yi maza, aiki ba ya jiran hoto." Na danna sau ɗaya, na jefa wayar a jaka ban ko duba ba.

Wata bai cika ba kika kwanta, kwanciyar da ba ki tashi ba.

Sai da aka share makoki na buɗe hoton. Komai ya fito: zanenki mai ruwan ƙasa, ƙwaryar, har fason dugaduganki. Fuskarki ce kaɗai babu. Hasken rana ya faɗa idon kyamarar, ya bar wani farin tabo mai ɗigon kore daidai inda idanunki suke. Kuma ba mu da wani hoton naki, don duk rayuwarki kin ƙi tsayawa gaban mai hoto.

Shago uku na shiga a Birnin Kudu, wurin masu wankin hoto. Na ƙarshensu, wani dattijo, ya ce abin da haske ya cinye ba ya dawowa. Ya nuna mini maiƙon yatsa a gilashin kyamarar. Ya ce da na goge shi da gefen mayafi, na kare saman wayar da tafin hannu kamar mai hangen nesa, ko na gusa taku biyu rana ta koma gefe, da yanzu ina kallonki.

Taku biyu, Inna.

Tun ranar ban huta ba. Kowa na gani a gida sai na juya shi ya bar gaban rana, na goge, na kare, na ɗauka. Yaya Sale har ya fara guduna. Bai san abin da ke cina ba: na fara mantawa. Muryarki tana kunnena, amma makon jiya na rasa a wane kunci ɗan baƙin tabon nan naki yake.

Asabar na hau mota sai Gwaram, wurin ƙanwarki Iya Ladi, da ake cewa kamarku ɗaya. Na zaunar da ita a inuwar darbejiya. Hoton ya fito tsaf, sai dai ba ke ba ce. Cikin kuka na tambaye ta kuncin da tabon yake, ta kama haɓata ta ce, "A hagu yake. Idanun kuwa da kike yawon nema, ai ga su nan a fuskarki."

Na dawo na daɗe gaban madubi. Wani lokacin ina ganinki, wani lokacin ni kaɗai ce. Har yanzu nakan buɗe hoton gonar, in ja shi da yatsu ko wani abu zai bayyana.

Ki yafe mini gaggawata, Innata. Allah Ya jiƙan ki, Ya kai haske kabarinki, Ya sada fuskokinmu a Aljanna, in kalle ki har in ƙoshi.

Autarki,
Binta