Agogon Hannun Inna

Kambarawa, Katsina
Ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Ashraf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Abban su Madina yana gaishe ka.

Na zaɓi in rubuto maka saƙo ta waya ne saboda duk lokacin da na kira ka a kan Inna, sai ka katse ni da lambobi. Don Allah wannan karon ka karanta har ƙarshe.

Yaya, Inna ba ta da lafiya. Jiya na je gidanta a Ƙofar Sauri na tarar ƙafafunta sun kumbura, silifas ma ba ya shiga. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai da ta dafa bango tana haki. Ba ta iya kwanciya, sai ta jingina da filo. Da na ce mu tafi asibiti, cewa ta yi, "Mi ya same ni? Agogon Ashrafu ya ce lahiyata lau."

Ka san ba ta jin maganar kowa sai taka. Ka ce mata ta bi ni, ko kalma ɗaya ce.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Nafisa

Fatakwal
Ranar Laraba

Nafisa,

Wa alaikumus salam. Ina gaida maigidanki da yara.

Ki kwantar da hankalinki. Agogon nan ba na wasa ba ne, yana auna bugun zuciya da barci da yawan tafiya, kullum da safe kuma manhajarsa tana turo mini rahoto. Wata guda ke nan ban ga abin tsoro ba. Bugun zuciyarta daidai, barcinta ya fi nawa, tafiya kuwa har mamaki take ba ni.

Na tambayi manhajar game da kumburin ƙafa. Ta ce ga mai irin waɗannan lambobi, zama wuri ɗaya ko gishiri kan jawo shi. A rage wa Inna gishiri, ta riƙa ɗora ƙafa a kan filo. Kin san yadda Inna ke tsoron asibiti tun rasuwar Baba, kada mu tayar mata da hankali a banza. Ke ma tun kina ƙarama akwai ki da firgita.

Ki gaishe ta.
Yayanki, Ashraf

Ƙofar Sauri
Ranar Juma'a

Yaya,

Sallama da gaisuwa.

Wace tafiya? Matar da ba ta iya kaiwa zaure? Maganarka ta tsaya mini a rai, shi ya sa yau da na zo na kama hannun Inna na ɗaga mayafinta. Babu agogo. Na tambaye ta, ta kau da kai. Muna cikin haka sai ga Furera maƙwabciyarta, mai kai dambun nama ofisoshin GRA, ta shigo gaishe ta. Agogonka na ɗaure a hannunta.

Na ce, "Furera, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Inna ce ta ba ni ajiya, ta ce kada in cire sai zan yi wanka. Wallahi na zaci don kada ya lalace ne."

Wata guda kana duba zuciyar Furera, Yaya.

Na durƙusa gaban Inna ina kuka, na ce don me? Ta daɗe tana neman numfashi kafin ta amsa. Ta ce makon farko da ta ɗaura shi, ya yi ta ƙara, ka kira ta hankali tashe kana cewa za ka ajiye aiki ka dawo gida. Ta ce, "Yaron ga ya sha zaman banza kahin ya samu wurin nan. Ni ba ni zama sanadin da zai baro shi."

Na buɗe irin manhajar taka a wayata, ban ba ta lamba ko ɗaya ba, na faɗa mata abin da idona ya gani: kumburi, haki, barci a zaune. Manhajar ta ce a kai Inna asibiti yanzu, kada a jira. Na kira Jamila ƙawata, ma'aikaciyar jinya, ita ma abin da ta ce ke nan, har da faɗa.

Inna ta ce ba ta fita sai da izininka. Na roƙe ka don girman Allah, ka bar duk abin da kake yi ka kira ta.

Nafisa

Fatakwal
Juma'a da yamma

Nafisa,

Salamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kira ta, na ji yadda take jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Na ce mata idan ba ta shiga mota ba yau, ni ma ba zan ƙara shiga ofis ba. Ta amince. Ku tafi yanzu. Na nemi hutu, ba su ba ni amsa ba, amma ko sun ba ni ko sun hana, gobe ina hanya.

Ki yafe mini.
Ashraf

Asibiti, Katsina
Ranar Asabar

Yaya,

Wa alaikas salam. An kwantar da ita. Likita ya ce zuciyarta ta yi rauni, ruwa ya taru a ƙirjinta, sun fara cire shi. Na tambaye shi ko za ta tashi, ya ce mu yi ta addu'a, sai an ga yadda za ta kasance nan da kwana biyu.

Ɗazu ta buɗe ido, ta janye abin numfashin da aka sa mata daga bakinta. Na matso na zaci wasiyya za ta yi. Cewa ta yi in gaya maka kada ka bari direba ya yi gudu, kuma ka tsaya a Zariya ka ci abinci.

Allah ya kawo ka lafiya. Ka yi sauri.
Nafisa