Injin yankan ciyawata a garkar Kawu

Daren Laraba, Birnin Kudu

Kaina ya kulle. Da safe na ɗura sabuwar manhaja a allunan lantarki biyu masu juya moton tayoyin injin yankan ciyawa mai tafiya da kansa da na haɗa, na hagu da na dama, iri ɗaya sak. Fitila ta kawo kore, kwamfuta ta nuna komai ya shiga. Na ɗaure shi a bayan babur sai Gwaram, don Kawu Sale ya yarda in gwada a fegin da ya bar wa ciyawa.

Ina kunna shi ya hau zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke. Na kashe, na sake ɗurawa, na musanya wayoyi. Sai ya koma zagayawa ta ɗaya hannun! Moton hagu na kafa a juye, ko manhajar ce ba ta san hagu da dama ba? Wallahi ban gane ba.

Kawu bai yi dariya ba. Ya tsuguna inda injin ya aske, ya dumbuzo ciyawar ya murza. Ta yi dugu-dugu.

Ya ce, "Habu, ni na zaci yanka zai yi in ɗaure dami. Ragunana na bar wa fegin nan. Wannan da me zan kwashe ta, da cokali?"

Tun rani nake fama da yadda zai tafi a miƙe, ban taɓa tunanin inda ciyawar za ta ba. Yanzu gyaran ma tsoro yake ba ni. Da ya tafi daidai yau, da ya aske fegin duka.